Kafin a Busa Usur: Mai Matsi da Mai Haƙuri a Ƙwallon Gem

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau ƙwallon ƙafa za mu taɓa, sai dai wadda ake bugawa da yatsu a gaban allo, wadda yaranmu ke kira gem. Za mu ɗauki irin karawar da masu sharhi suka fi ɗoki a kanta, inda ƙungiya mai matsi da zafin nama za ta haɗu da ƙungiya mai haƙuri da jan lokaci, mu baje ta a faifai tun kafin a busa usur. Me kowacce ke nema? Ina lagonta yake? Me mai kallo zai sa wa ido?

Na san akwai dattijon da yanzu ya kai hannu zai murɗa rediyonsa, yana cewa an rasa abin kawowa sai wasan yara. Baba, a ɗan dakata mini. A 2018, a birnin Landan, wani matashi ɗan Saudiyya mai suna Mosaad Aldossary ya doke Stefano Pinna na Beljiyam da ci 4 da nema a wasan ƙarshe na gasar duniya ta wannan gem, ya tashi da dala 250,000. Hukumar FIFA da kanta ta fara shirya gasar tun 2004, kuma ɗan Brazil ne ya fara ɗaukar kofin. Manyan kulob na Turai suna da 'yan wasan gem da suke biya albashi, suna da masu horar da su. Gasar Firimiyar Ingila ta buɗe nata reshen a 2019, inda Donovan Hunt, wanda aka fi sani da Tekkz, ya ci wa Liverpool kofin farko. To ko ba ka so, jikanka yana ciki, kuma gara ka san abin da yake kallo.

Gem ɗin iri biyu ne suka yi fice. Akwai na kamfanin EA na Amurka, wanda ya fara fitowa a 1993 da sunan FIFA, ya riƙe sunan kusan shekara talatin, har suka raba gari da hukumar, ya koma EA Sports FC daga 2023. Akwai kuma na kamfanin Konami na Japan, wanda 'yan gidan gem na da suka sani da Winning Eleven ko PES, ya koma eFootball a 2021. Kowanne da halinsa, amma abin da za mu faɗa yau ya shafi dukansu.

To, ga karawar. Ƙungiyoyi biyu, kowacce da mutum biyu riƙe da hannun gem. Ta farko mu kira ta masu matsi. Da sun rasa ƙwallo ba sa komawa gida, nan take suke rufar wa wanda ya karɓa, 'yan bayansu sun hauro har kusan tsakiyar fili, kuma da sun ƙwace sai raga kawai, bugu uku ko huɗu an kai ga gola. Ta biyu masu haƙuri. Idan ƙwallo ba ta hannunsu, sai su ja baya su yi layi biyu a gaban ragarsu. Idan ta zo hannunsu, ba gaggawa, daga dama zuwa hagu, daga hagu a mayar baya, har sai abokin hamayya ya ƙosa.

A nan ne masu kallon ƙwallon fili suke yin kuskure idan suka zo sharhin gem. Mun saba raba salon wasa gida biyu: masu riƙe ƙwallo irin Barcelona ta Guardiola, da masu tare gida irin Inter ta Mourinho, wadda ta je Camp Nou a 2010 da mutum goma, aka ci ta ɗaya, amma ita ta wuce zuwa wasan ƙarshe. Ko ku tuna Sifaniya da Maroko a gasar duniya ta Katar a 2022. Sifaniya ta yi ba-ni-in-ba-ka sama da sau dubu, Maroko ta kulle ƙofa, aka tashi babu ci, aka je fenariti, Hakimi ya buga ta ƙarshe, Maroko ta wuce. A fili, mai riƙe ƙwallo da mai tare gida kishiyoyi ne. A gem kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne. Mai haƙurin nan da ya ja baya ya toshe gida, shi ne kuma zai riƙe ƙwallo ya hana ka taɓawa. Riƙe ƙwallon nasa ma tsaron gida ne, domin ƙwallon da ke ƙafarsa ba za ta shiga ragarsa ba.

Saboda haka ni ba na tambayar wa zai fi riƙe ƙwallo. Tambayata ita ce: hari nawa za a kai a wasan gaba ɗaya? Masu matsi suna son wasa mai hare-hare da yawa, ka kawo in kai, in kai ka kawo, domin sun yarda da saurin yatsunsu, sun san in aka yi musayar wuta sau ashirin su za su fi cin riba. Masu haƙuri suna son wasan da hare-harensa ba za su wuce a ƙirga da yatsu ba, ta yadda kuskure ɗaya tak zai raba gardama, kuma sun yi imani ba su za su yi kuskuren ba. Duk sauran abin da za ku gani, jerin 4-3-2-1 ne, 4-4-2 ne, 'yan baya biyar ne, hanyoyi ne kawai na cimma ɗayan biyun nan.

Me ya sa lissafin ya yi nauyi haka a gem? Agogo. A yadda aka saba buga wasan EA ta intanet, kowane rabi minti shida ne. Wato minti casa'in na allo, minti goma sha biyu ne a agogon hannunka. Ku raba ku gani: kowace daƙiƙa takwas, minti ɗaya ya tafi. Ƙungiyar da ta yi daƙiƙa arba'in tana zagaya ƙwallo tsakanin 'yan bayanta ta cinye minti biyar na wasa. Ta yi haka sau huɗu, kusan rabin zagayen farko ya wuce ba ka ga ƙwallo ba. A fili, idan aka ci ka a minti na ashirin, koci zai ce a kwantar da hankali, akwai lokaci. A gem, abin da ya rage maka bai kai minti goma na gaskiya ba, kuma wanda ya ci ka ɗin shi ke da ikon ƙona su. Wannan ya sa kafin ka yi hasashen kowace karawa, fara tambayar dokar gasar: rabin minti nawa ne? Wasa ɗaya ne ko gida da waje? Duk minti ɗaya da aka ƙara, kyauta ce ga masu matsi.

Abu na biyu da ya raba gem da fili, wanda kuma shi ne zuciyar maganar, shi ne wannan. 'Yan wasa goma sha ɗaya kake gani a allo, amma mai riƙe da hannun gem ɗaya kawai yake juyawa a lokaci guda, wanda aka ɗora wa 'yar alama a ka. Sauran goman kwamfuta ce ke tafiyar da su bisa umarnin da aka ba ta tun kafin wasa. Ƙwarewar tsaron gida a gem, kusan dukkanta, tana cikin sanin wanne za ka kama da wanne za ka bar wa kwamfuta.

Ku lura da hannun gwani mai haƙuri. Abokin hamayya ya taho da ƙwallo, ya doshi da'irarsa. Sabon shiga zai yi wuf ya kama ɗan bayan tsakiya, lamba huɗu ko lamba biyar, ya fito da shi da gudu ya tari mai ƙwallo. An yanke shi sau ɗaya, shi ke nan, ƙofa ta buɗe, sai gola. Gwani ba ya taɓa ɗan bayan nan sai dole. Lamba shida yake kamawa, ɗan tsakiya mai tsaro, ya dawo da shi baya, yatsansa na hagu a kan maɓallin L2, yana ja da baya yana fuskantar ƙwallo, ba ya kai ƙafa, yana tsaye daidai kan hanyar da ake son zura ƙwallo wa ɗan gaba. Layin baya kuwa ya bar wa kwamfuta, ita ba ta ruɗewa, ba ta jin ihun 'yan kallo. Kai da ke kallo sai ka ga kamar ba abin da yake yi. Alhali a daƙiƙa biyar ɗin nan ya sauya ɗan wasa sau uku ko huɗu da 'yar sandar dama, ya toshe nan, ya toshe can.

Mai matsi shi ma da wannan sandar yake aiki, amma a gabanka, a bakin ragarka. Yana sa kwamfuta ta tura ɗan wasa ɗaya kan mai ƙwallo, shi kuma ya kama wani ya tsaya inda ya yi zaton za ka bayar. Zato ne fa. In ya canka daidai, ya ƙwace ƙwallo taku ashirin daga ragarka, kana buɗe. In ya canka ba daidai ba, ka wuce mutum uku da bugu ɗaya, kuma bayan 'yan bayansa akwai fili fetal da mai gudu irin Mbappé zai yi sukuwa a ciki. Masu zuwa kallon dambe sun san irin wannan haɗuwa: wani daga shiga fage yake kai naushi ba ƙaƙƙautawa don ya gama da wuri, wani kuma yana zagayawa, hannun kariya a gaba, yana jiran sa'ar da kafaɗar abokin karawa za ta yi nauyi.

Kafaɗar kuwa tana yin nauyi. Kowane ɗan wasa a allo yana da ma'aunin ƙarfi, ɗan layi da ke raguwa gwargwadon gudun da aka sa shi. Ƙungiyar da ta kunna matsi tun daga minti na farko, idan aka kai wajen minti na sittin zuwa saba'in, za ka ga 'yan gefenta da 'yan tsakiyarta sun fara jan ƙafa. Akwai canji, gaskiya, amma ba za ka canja mutum goma ba. Masu haƙuri sun san da haka, shi ya sa ba sa damuwa in an tafi hutun rabin lokaci babu ci. A wajensu, canjaras a minti na sittin riba ce.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna duba karawar ƙwallon gem ne tsakanin masu matsi da masu haƙuri.

Akwai wani mai hannu a wasan da ba ya zama a kan kujera, ba ya kuma sa riga: kamfanin da ya ƙera gem ɗin. A fili, nauyin ƙwallo da faɗin raga suna nan yadda suke. A gem, kowace shekara sabo ake fitarwa, kuma a tsakiyar shekarar ma kamfani yakan turo gyara ta intanet, ka kwana da gem ɗaya ka tashi da wani. A FIFA 19, ƙwallon sama da ake kurosawa a sa kai ta addabi kowa. A FIFA 20, ja da baya a cika gida shi ne yayi, har 'yan kallo suka riƙa ƙorafin wasa ya zama mai gundura. A FC 24 kuma sai aka koma tura layin baya sama, domin 'yan wasa sun gano cewa in ka ɗaga ma'aunin layin bayan ya kai 71, kwamfuta da kanta take hauro da 'yan bayanka tana ɗana tarkon satar gida. Da FC 25 ya zo, aka rushe tsarin umarnin gaba ɗaya, aka kawo wani inda kowane ɗan wasa ake ba shi rawar da zai taka. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja. Saboda haka wanda ya ce maka ƙungiya kaza ta lallasa ƙungiya kaza bara, tambaye shi: a wane gem? Kafin gyara ko bayan gyara? Tarihin haɗuwa a wannan fage yana saurin tsufa.

Kada kuma sunayen da ke allo su ruɗe ku. A manyan gasanni ba abin mamaki ba ne ka ga Ruud Gullit a nan, ka gan shi a can, Ronaldo na Brazil yana gaba a ɓangarorin biyu. Wasu gasannin ma daidaita ƙarfin 'yan wasan ake yi baki ɗaya, don kada wani ya ce katin ɗan wasa mai ƙarfi ne ya ci shi. Idan kayan aiki iri ɗaya ne, abin da ya rage shi ne kai da yatsu.

Bari mu ɗauko misalai na gaske, don kada magana ta zama shaci-faɗi. A 2019, Aldossary ya sake kaiwa wasan ƙarshe a Landan, yana neman kare kambunsa. An san shi da natsuwa da tsaron gida mai wuyar fasawa. Ya haɗu da Mohammed Harkous na Jamus, wanda ake kira MoAuba, mutum mai zafi, mai matsi, wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa in ya ci. A lokacin dokar ita ce a buga wasa biyu, ɗaya a Xbox ɗaya a PlayStation, domin kowannensu da na'urar da ya ƙware a kai. MoAuba ya yi nasara da ci 3 da 2 jimilla, ya zama Bajamushe na farko da ya ɗauki kofin. Ranar zafin nama ya yi rana.

Bayan shekara uku, a 2022 a Copenhagen, sai aka ga ɗaya fuskar. Umut Gültekin na Jamus ya kara da Nicolás Villalba na Ajantina, wanda ake wa laƙabi da mutumin ƙanƙara saboda sanyin jininsa. Kowa ya ƙi buɗe gida, kowa ya ƙi yin ganganci, aka ƙare babu wanda ya ga ragar wani, sai da fenariti Umut ya ɗauki kofi. Wasan ƙarshe na duniya, a gem ɗin da yara ke cin juna bakwai da biyar a unguwa! Wannan shi ke nuna muku cewa idan kuɗi da suna suka hau teburi, hatta gwanaye sukan zaɓi rage yawan hare-hare.

Sai kuma Anders Vejrgang na Denmak, wanda ya zauna ƙungiya ɗaya da Umut a RB Leipzig. Yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ya ci wasa 535 a jere a gasar ƙarshen mako ta FIFA 21 kafin a samu mai taka masa birki. Salonsa hari ne tsagwaronsa, yanka a kan yanka. Wasu sun ce wannan a intanet ne kawai, in ya hau dandamali gaban jama'a zai gane kurensa. A 2024 a Berlin ya zama zakaran duniya na EA Sports FC. Don haka duk wanda ya ce muku salo kaza shi ne ke cin kofi a kullum, bai bi tarihin gasar ba.

To amma karawarmu ta yau ta ƙungiya ce, biyu da biyu, kuma wannan yana sauya lissafi. Haka aka buga gasar ƙasashe ta FIFA a Riyad a Disambar 2024 da eFootball, inda Indunusiya ta doke Brazil a wasan ƙarshe na masu na'urar allo, ɗan Maleshiya kuma ya ci na wayar hannu bayan ya doke ɗan Maroko. Ku ji fa, Indunusiya a kan Brazil. Taswirar ƙwallon gem ba irin ta fili ba ce.

A biyu da biyu, alamomi biyu ne ke yawo a kan 'yan wasa. Ga masu matsi wannan garaɓasa ce: ɗaya ya taso wa mai ƙwallo, ɗaya ya toshe hanya, duka da hannun mutum, ba sai an jira kwamfuta ba. Ga masu riƙe ƙwallo kuwa ƙarin wahala ce, domin da ka bayar, ƙwallo ta bar hannunka ta koma hannun abokinka, kuma dole ya san abin da ke ranka ba tare da ka faɗa ba. Mutum ɗaya yana iya yin haƙuri shi kaɗai. Mutum biyu su yi haƙuri iri ɗaya, a daƙiƙa ɗaya, ana matsa musu, wannan sai waɗanda suka daɗe tare. Sai dai matsin ma yana da nasa tarkon. In su biyun suka ruga kan mutum ɗaya, ba wanda ya tsaya gadin baya, bugu ɗaya ya isa. Yawancin ƙwallayen da ake ci a irin wannan wasa, in ka mayar da hoton baya, za ka tarar abokai biyu ne suka yi tunani iri ɗaya a inda ya kamata su raba aiki.

Yanzu ga abin da zan roƙi mai kallo ya yi. Ka ɗan janye idonka daga kan ƙwallo. A ƙasan allo akwai 'yar taswira mai ɗige-ɗige da ke nuna inda kowa yake a fili. Gwanaye suna satar kallonta kamar yadda direba ke kallon madubi. Idan ka ga ɗige-ɗigen masu matsi sun taru a rabin filin abokan hamayya, kuma tsakanin layin bayansu da golansu akwai rata mai faɗi, to ka san ana dab da ganin ɗayan biyu: ko su ƙwace su ci, ko a jefa musu doguwa a baya. Ka duba kuma yadda masu haƙuri ke fita daga gida a minti goma sha biyar na farko. In suna fita da ƙwallo a ƙasa, ɗan baya ya ba ɗan tsakiya, ɗan tsakiya ya juya ya sauya gefe, to matsin bai kama su ba, kuma masu matsi suna ƙona mai a banza. In kuwa ka ga golansu ya fara dokawa sama ko ta ina, to an shiga kansu. Sannan ka jira ɗan hutun da ake nema wajen minti na sittin. A nan ake shigo da sababbin masu gudu, a nan ake sauya jeri, a nan koci ke sunkuyowa ya yi raɗa. Sau da yawa wasan da aka dawo da shi bayan wannan hutu ba shi ne aka tafi da shi ba.

Wata ƙwallo kuma da za ku gani har ku gaji: a kai ta gefe har layin ƙarshe, a ƙi kurosawa sama, a mayar da ita baya ƙasa-ƙasa wajen ɗigon fenariti, wani ya taho da gudu ya tura. Ita ce maganin masu cika gida, domin 'yan bayan da kwamfuta ke ja sukan bi ƙwallo har bakin raga su bar bayansu. Ƙungiyar haƙuri da ta iya toshe wannan da lamba shida ta gama rabin aikinta.

Kafin in faɗi inda na karkata, akwai magana da ta zama wajibi a filin faɗakarwa. Yawancin abin da ake yaɗawa a waya da sunan hasashen wasan gem, tallan caca ne aka yi wa kwalliya. Akwai wasanni 'yan gajeru da ake bugawa dare da rana, ba don kofi ba, sai don a samu abin da za a zuba kuɗi a kai, kuma yaro yana gani ya ɗauka irin gasar su Aldossary ce. Sharhin da muke yi a nan na fahimtar wasa ne. Wanda ya ce maka ya san sakamakon wasan minti goma sha biyu, wanda ƙwallo ɗaya da ta bugi turke za ta iya juya shi, aljihunka yake so. Iyaye kuma su san cewa a cikin gem ɗin kansa akwai sayen ƙunshin katunan 'yan wasa da kuɗi na gaske, ba ka san wanda za ka samu ba sai ka buɗe. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har EA ya daina sayar da kuɗin gem ɗin a ƙasar a farkon 2019. In yaro ya ce a ba shi katin banki zai sayi ɗan wasa, a tambaye shi da kyau.

Matasanmu masu burin shiga gasa kuma, ga wata gaskiya da ta shafi salon da kuke zaɓa. Manyan wasanni a zaure ɗaya ake yin su, na'ura kusa da na'ura, kana dannawa ɗan wasa na motsawa. Kai kuwa da ke bugawa ta intanet daga Kano ko Zinder, saƙonka sai ya yi doguwar tafiya ya dawo, kuma jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya sa ka kai ƙafa bayan ƙwallo ta wuce. Matsi da yanka su suka fi shan wahalar wannan jinkiri, domin dukkansu a kan daidai lokaci suka dogara. In layinka ba shi da ƙarfi, koyon tsayuwa da toshe hanya zai fi yi maka amfani a kan kwaikwayon Vejrgang.

To, wa zai ci? In wasa ɗaya ne, rabi minti shida, kuma duk wanda aka doke ya tafi gida, ni ina bayan masu haƙuri, da sharaɗi guda: su tsallake minti talatin na farko ba a ci su ba. Tsoron fita daga gasa yana sa hannun mai matsi ya yi sanyi, kuma matsin da aka yi da rabin zuciya ya fi kowane salo haɗari, domin ka bar gida kuma ba ka isa inda za ka ba. Amma in masu matsi suka fara ci, ina ganin an gama. Ƙungiyar da ta gina komai a kan jan lokaci, ranar da lokaci ya zama abin da take nema, dole ta hauro, dole ta buɗe, ta shiga irin wasan musayar wutar da ta zo gujewa, da mutanen da suka fi ta iya shi. A irin wannan rana ne ake ganin ci ɗaya ya zama huɗu cikin minti biyu na agogon hannu. In kuwa gida da waje ne, ko rabin ya fi minti shida, to na koma bayan masu matsi tun daga farko, musamman in su biyun sun daɗe suna wasa tare.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)